Bakin Wandon Baba Dogo

Wayyo, gajiya! Tun asuba Matar Auta take tsaye, ta yi wanki, ta yi shara, ta ɗora wa surukinta ruwan wanka, ga shi har la'asar tana duƙe a kan keken ɗinki, bayanta kamar zai ɓalle. Marainiya ce, mijinta kuma direban babbar mota, sai ya yi wata bai leƙo gida ba. Surukin nan nata, Baba Dogo, shi ya zame mata uba. Da ƙuruciya sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, kuma har yau yana sunkuyawa, alhali tsakanin kansa da ƙofar akwai tazarar tafin hannu. Ita ta fara lura. Wandonsa ya soma jan ƙasa, sau biyu yana taka bakinsa yana tangaɗi. Ta yaya za ta dubi mutumin da ba abin da ya rage masa sai sunansa, ta ce masa ya rage tsawo? Sai ta riƙa rage bakin wandunansa kaɗan-kaɗan in ta wanke, ta sake kalmashewa. Shekara uku tana haka, ƙyallayen tana tarawa a gwangwani kamar yadda take tara kowane ƙyalle.

Rannan Yaya Babba, babbar 'yar Baba, wadda ba ta zuwa sai da magana a bakinta, ta faɗo ɗakin ba sallama, ta tarar da almakashi a bakin wandon ubanta. Ta kifar da gwangwanin, ta ɗora hannu a ka.

"Asiri! Wallahi asiri ne! Shi ya sa ubana yake ta ƙanƙancewa! Ina kike kai ƙyallayen?"

"Yaya, don Allah ki tsaya ki ji..."

"Me zan ji? Jama'a, ku zo ku gani!"

Maƙwabta suka cika tsakar gida. Baba ya fito yana dafa bango, ya dubi ƙyallayen. "'Yata, me ya sa kike yanka min kaya?" Ta ɗago ta dube shi, ta dubi idanun da suka kewaye shi... a gaban waɗannan duka za ta faɗa? Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta yi shiru. Shirun nan shi aka riƙe hujja. Auta ya bugo waya, ko tambayarta bai yi ba, ya ce ta bar gidan. Ta ɗauki kan kekenta ta fita, ta rakuɓe a shagon wata tela a bayan kasuwa, tana ɗinki da rana, tana kwana a kan tabarma tsakanin yaduka. "Ya Allah, na gaji," take cewa. "Kai ka san abin da hannuna ya yi. Ka tsare min tsohon nan."

Yaya Babba ta ƙone tsofaffin kayan kakaf, ta je wurin tsohon telan Baba, ta sa aka ɗinka sababbi da awon da ke littafinsa tun shekara ashirin. Kwana tara kacal! Baba ya taka bakin wando a matakala, ya kifa, goshi ya fashe, hannu ya karye. A asibiti, bayan an ɗaure hannun, nas ta tsayar da shi jikin ma'aunin tsawo.

"Ba sai kin wahala ba, ƙafa shida da inci biyu ne," in ji Baba.

"Da can kenan, Baba. Inci uku sun tafi."

Likita ya ce ba wani abin mamaki, ƙashin baya yana matsewa da tsufa, maza ma suna raguwa. Sannan ya ɗaga wandon. "Wa ya sa masa wannan? Ai wannan kisa ne!"

Baba ya dubi bakin wandon. Sai ga hawaye a gemunsa. "Shekara uku ban taka wando na faɗi ba... Ku nemo min 'yata."

Aka dawo da Matar Auta. A tsakar gidan nan, gaban maƙwabtan nan, Yaya Babba ta durƙusa. Baba ko kallonta bai yi ba. "Da bakinki kika tara su, da bakinki za ki bi su gida-gida ki wanke ta. Kafin nan kada na ga ƙafarki a gidana." Auta kuwa yana gefe yana sharar ƙwalla, ya kasa haɗa ido da matarsa.

Baba ya miƙa mata tef ɗin awo da hannunsa mai lafiya. "Auna ni, 'yata. Ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Ta durƙusa, ta auna. "Sai an rage inci uku, Baba."

"To, rage. Amma yau a gabana za ki yanka."

Ya juya ya shiga ɗaki, bai sunkuya ba.