Akwatin Wutar Nafi'u

Fankokin tsohuwar sabar, wato kwamfutar ajiyar bayanai, suna juyawa a ƙuryar ɗakin baya, ƙananan fitilunta biyu masu ruwan ganye suna ƙiftawa, muryar namiji kuma tana fitowa a hankali daga lasifikar da ke samanta.

"Barira, kin ci abinci kuwa? Ki riƙa kula da kanki."

Sallau yana baranda yana wanke baƙin mai daga hannunsa, sai ya ji matarsa ta yi 'yar dariya. Kullum bayan La'asar haka ake yi. Shekara shida ke nan da aurensu, kuma shekara shida ke nan yana jin mijinta na fari, Nafi'u, wanda ya rasu shekara goma sha huɗu da suka wuce, yana tambayarta ko ta ci abinci.

Lokacin da Nafi'u ya kwanta ciwon ajali, wani kamfani a Birnin Yashi ya fito da abin da aka sa wa suna amon-rai. Sai a ɗora wa majinyaci wata hular wayoyi har mako biyu, na'ura ta kwashi muryarsa da salon maganarsa da abin da ya tuna, a zuba a saba. Malamai suka ce wannan ba ruhi ba ne, amo ne kawai, kuma yana hana masu rai yin haƙuri. Hukuma ta hana, kamfanin ya rufe. Amma waɗanda suka riga suka kai sabarsu gida ba a karɓe musu ba.

Sallau makanikin lantarki ne a tashar motocin sama. Tun kafin a ɗaura aure Barira ta gaya masa sabar za ta zauna, ya ce ba komai, don a ganinsa sai wawa ke kishi da akwatin ƙarfe. Bai san abin zai riƙa cinsa kamar gara ba. Shi yana dawowa a gajiye, wani lokaci ya yi tsaki, wani lokaci ya manta saƙo. Nafi'u bai taɓa gajiya ba, bai taɓa ɗaga murya ba. Zulai ma, 'yar marigayin, wadda Sallau ya yi ta zarya da ita asibiti sa'ad da ta karye a makaranta, akwatin take kira Baba. Shi kuwa Kawu.

Ranar wata Laraba da rana aka ji ƙara kamar an fasa leda, warin ƙonanniyar roba ya cika gidan. Sallau ya kwance murfin sabar ya leƙa. Akwatin wuta ne ya tafi, wato ɓangaren da ke karɓar lantarkin bango ya rarraba wa sauran kayan ciki daidai ƙarfinsu. Kafasita biyu, 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a cikinsa, sun kumbura sun fashe, taransfomar ta yi baƙi ƙirin.

"Zai gyaru?" Barira ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Wannan kam sai dai sabo. Kuma an daina ƙera irinsa."

"To shi fa?"

"Ma'ajiyar da yake ciki irin wadda ba ta son wuta ta yanke ce. Akwai ƙaramin batir da ke riƙe da ita. Kwana uku zai yi, in ya ƙare komai ya goge."

Sai Zulai ta durƙusa kusa da shi. "Kawu, don Allah. Kai kaɗai za ka iya."

Ranar farko bai je ko'ina ba, ya ce aiki ya yi yawa a tasha. Ya wuni yana jin wani sanyi a ransa wanda shi kansa ya ji kunyarsa. Amma da ya ga idon Zulai ya kumbura, washegari da safe ya shiga lifta ya sauka Kasuwar Ƙarƙashi, inda ake jibge na'urorin da birnin ya gama yayinsu.

Rumfar Hajiya Tabawa ya nufa, wata dattijuwa da ta taɓa aiki a kamfanin amon-rai. Ta juya ƙonannen akwatin ta duba lambarsa, ta shiga ciki ta fito da guda biyu, ƙarami da babba.

"Ƙaramin shi ne irin naku, ƙarfinsa wat ɗari biyu," ta ce. "Babban wat ɗari tara ne, na ɗakin gwaji. Ka san sabar nan faifan ƙwaƙwalwa takwas gare ta, ko? Biyu kawai ƙaramin ke iya tayarwa."

"Sauran shidan fa?"

"Suna nan suna barci. Da gangan aka yi haka, ɗana. Da muka fara kunna duka takwas, iyalai suka riƙa dawo mana da su. Ashe mutane ba sa son mamacinsu gaba ɗaya. Sai muka bar musu ɓangaren gaisuwa da lallashi."

Sallau ya tuna yayan Barira ya taɓa gaya masa cewa Nafi'u mutum ne mai zafin zuciya, in yana faɗa har gida na uku ana jinsa, kuma sau biyu Barira tana yin yaji a zamansu. Ashe duk shekarun nan da rubu'in mutum yake takara, rubu'in da aka tace aka tsince tsakuwarsa.

"Ba ni babban," ya ce.

Hajiya Tabawa ta dube shi ta saman tabarau. "Ka san halin mai shi kuwa?"

"Na sani."

Bayan Azahar ya zauna aikin. Babban akwatin bai dace da gurbin ba, sai da ya yanke ƙarfen riƙo ya huda sababbin ramuka. Ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da mita, ja da rawaya da baƙi, ya narka dalma ya haɗa su da sabon soket, ya rufe kowace mahaɗa da roba. Ya kakkaɓe ƙurar fankoki, ya ƙara wata a gefe saboda zafin da zai ƙaru. Bai taɓa yin aiki mai tsabta irin wannan ba. Da ya gama ya kira su, don yana so su ji da kunnensu.

Ya danna maɓalli. Fitila ɗaya ta kama, sai ta biyu, sai aka ga sauran shida suna kamawa a jere. Lasifikar ta yi kakari kamar mai gyaran murya.

"Barira." Muryar ta fi ta da kauri. "Agogon nan ya ce shekara goma sha huɗu. Wane ne wannan a tsaye cikin ɗakina?"

"Mijina ne, Sallau."

"Mijinki. Wato ko ƙasar kabarina ba ta bushe ba. Dama na sani. Tun ina kwance nake ganin yadda kike duban ƙofa."

"Baba," Zulai ta ce.

"Ke kuma wa ya sa bakinki? Haka uwarki ta koya miki, manya na magana kina tsoma baki?"

Zulai ta ja da baya kamar an watsa mata ruwan zafi. Tana da shekara biyar uban ya rasu, ba ta san shi ba sai ta bakin akwatin nan. Ta juya ta fita, aka ji ta rufe ƙofar ɗakinta. Wannan bai shiga lissafin Sallau ba, amma ya daure ya juya ga Barira, yana jiran ta ce ya kashe.

Barira ta ɗaure gyalenta a ƙugu.

"Shekara takwas na yi ban yi aure ba, Nafi'u. Kai da ko sati ba za ka iya yi ba in babu mai dafa maka tuwo. Kuma kada ka sake yi wa yarinyar nan tsawa."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai ɗin fa."

Hawaye na zuba a fuskarta, amma idonta ya yi wani haske da Sallau bai taɓa gani ba. Ta juyo ta kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, Allah ya saka maka da alheri. Ban taɓa gaya maka ba, na daɗe da sanin wancan ba shi ba ne. Nafi'u bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Saboda Zulai kawai nake zama. Jiya har na ce a raina, in batir ɗin ya ƙare shi ke nan, na huta, kai ma ka huta." Ta share ido da bayan hannu. "Amma wannan shi ne. Ka dawo mini da shi."

"Barira," muryar ta kira, "da ke nake magana."

Ta saki hannun Sallau, ta jawo kujera ta zauna gaban lasifikar, ta ce ya ɗan ba su wuri.

Ya tattara kayan aikinsa ya fito baranda. Motocin sama suna wucewa a layinsu tsakanin benaye. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Zulai sau biyu, ba ta buɗe ba. A ɗakin baya muryoyi biyu suna hawa kan juna, ta mace da ta namiji, babu mai saurara wa wani. A shekara shida Barira ba ta taɓa yin faɗa da shi haka ba.

Kwalin sabon akwatin yana yashe a ƙasa. Ya ɗauka zai jefa a shara, sai idonsa ya faɗa kan rubutun da ke gefensa: idan an haɗa shi daidai, zai yi shekara arba'in yana aiki. Sallau yana da hamsin da uku, kuma ya san ya haɗa shi daidai.