Barewar Da Ba A Yi Cigiyarta Ba

Rana ta yi ja a kan duwatsun kwarin da ake kira dallol, awaki sun shigo gida suna neman turakunsu, Tabawa tana gaban murhu tana tuƙin tuwon hatsi. Ɗiyarta ta fari, Mas'uda, wadda ta fara zama budurwa, tana wanke kwanoni a gindin randa. Maigidan, Na'Allah, ya dawo daga aiki, ya tsuguna da buta yana alwala. Ladan bai kai ga buɗe baki ba sai dutse ya faɗo tsakar gida, ya gangara a hankali har ya tsaya kusa da ƙafar yarinyar.

Tabawa ta ɗaga murya ta ce wa 'ya'yan maƙwabta su kiyaye ta. Babu wanda ya amsa, babu ƙarar gudu a bayan katanga. Wani dutsen ya sake faɗowa, ya gangara, ya tsaya inda na farko ya tsaya. Na'Allah ya ɗauka ya juya shi a hannu. Jan dutse ne irin na dawa, wanda babu shi a cikin gari, kuma da ɗumi a jikinsa kamar an ciro shi daga toka. Ya ajiye shi, ya ƙarasa alwala, ya tafi masallaci.

Garin nasu yana ƙasar Kurfey, kan hanyar Filinge. A shekarun nan ne magajin gari ya ce ya kamata su ma su sami wurin hutawa irin na Yamai. Aka zaɓi wani fili bayan tsohuwar rijiya, mai manyan itatuwan gawo, aka kewaye shi da waya, aka sa masa suna jardan. Na'Allah aka ɗauka ya kula da shi. Shi ya dasa bedi, wato dogon yaro, layi layi, yana ɗebo ruwa da amalanken jaki yana ba su. Aka zuba bencina na siminti, maƙeri ya haɗa lilo na ƙarfe. Dabbobin farko da aka kawo don kallo ba su taka kara sun karya ba: kunkuru, zabbin daji, da wani biri mai baƙin hali da wani direba ya gaji da shi. Duk da haka ranar Sallah yara sukan cika wurin, tsofaffi kuma suna zama a inuwa da la'asar. Na'Allah yana ji da jardan ɗin kamar gonar gado.

Bayan kaka, wata rana yana dawowa daga yankan ciyawa, ya tarar da barewa kwance a gindin sabara. Masu farauta da babur sun kore ta har ƙafarta ta karye, suka rasa inda ta shige. Ya ɗora ta a amalanke. Bai yi nisa da sabarar ba ya gamu da Baushe, tsohon maharbi da ke bin al'adar kakanni. Baushe ya kama kunnen barewar, ya ga tsaga a jikinsa, tsaf kamar an yi da aska.

"Wagga tana da mai ita," in ji Baushe. "Koma inda ka ɗauke ta, ka tsaya ka yi cigiya da ƙarfi. Ka ce ka tsinci dabba, mai ita ya san tana hannunka. Haka ake yi wa iskoki masu dawa."

"Ni in tsaya ina magana da sabara?" in ji Na'Allah. "Ubana ya bar wanga aiki tun ban san kaina ba."

Ya kaɗa jakinsa ya kai ta jardan. Ya ɗaure mata ƙafa da karan dawa da tsumma, ya riƙa ba ta harawa da 'ya'yan gawo har ta miƙe. Ashe da ciki ta zo. Da zafi ya kama ta haifi ɗa namiji a bayan waya, mutane suka riƙa zuwa har daga ƙauyuka don su gani. A satin haihuwar ne dutsen farko ya faɗo gidan Na'Allah.

Daga ranar, magariba ba ta ƙara sauka lafiya a gidan ba. Da zarar inuwar rumbu ta kai bakin ɗaki, sai kaji su yi tsit, awaki su taru wuri ɗaya suna kallon kusurwar da babu kowa. Duwatsu su faɗo, ba su taɓa kowa, ba su fasa komai, sai dai su taru inda Mas'uda take. Daga baya aka fara jin murya a bayan rumbu, irin kiran da makiyayi ke yi wa dabbar da ta ɓata, ƙasa ƙasa, ba gaggawa. In an zagaya da fitila, sai a tarar da ƙasa shafal, ko sawun kaza babu.

Sannan abin ya shiga yarinyar. Ta daina magana. Ta daina cin tuwo, sai aka same ta tana tsintar 'ya'yan gawo daga abincin awaki. Da yamma takan tashi ta bi jikin katanga, ta kai ƙarshe ta juyo, ta kai ƙarshe ta juyo, har ƙafafunta suka fitar da hanya a ƙasa. Na'Allah ya tsaya yana kallonta, domin tafiyar nan ya san ta. Ita barewa take yi a jikin waya kullum.

An kai ta likita, an auna jini, ba a ga komai ba. Matan unguwa suka ce a kira masu goge su yi mata wasan bori, a san iskan da ke kanta, a zauna lafiya da shi. Tabawa ta ce, "Wanda ya shigo mini gida babu sallama, ba ni shimfiɗa mishi tabarma." Ta sa mijinta ya tafi Bonkuku ya ɗauko Malam Abdu, dattijo mai karatu wanda ba ya yawan magana.

Malam ya iso bayan la'asar. Bai nemi turare ba, bai nemi komai ba sai buta da tabarma. Ya sa aka zaunar da Mas'uda a gabansa, ubanta yana riƙe da kafaɗunta, uwarta tana bakin ƙofar ɗaki. Ya fara karatu a hankali. Rana tana sauka, karatun yana tafiya, gidan ya yi shiru har ana jin garwashi yana faɗuwa a murhu. Da inuwa ta rufe tsakar gida, yarinyar ta ɗaga kai. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Makiyayi. Tun ba a gina rijiyar garinku ba nike kora garke cikin duwatsun ga. Dā ba su ƙirguwa. Yanzu ɗan abin da ya rage mini, shi ma an ɗauka."

"Mi ɗiyar mutane ta yi maka?"

"Mi tawa ta yi wa ubanta? Ya sa ta bayan waya, yara na tsokanarta da kara. Ni ma na sa tashi bayan waya. A zo a yi kallo."

Malam ya juya ga Na'Allah. "Da ka tsinci dabbar, ka yi cigiya?"

"Ban yi ba. Na ɗauka aikin arna ne."

"Cigiyar tsintuwa tana cikin littafi kafin ta shiga bakin maharba," in ji malam. Ya koma kan yarinyar. "An yi maka ba daidai ba. Amma kai ma ka kama wadda ba ta ci maka komi ba. Faɗi abin da zai fisshe ka."

"Baƙin bunsuru, a yanka mini gindin gawo."

"Ba a zubar da jini don kai. Faɗi wani."

"To a bar mini yarinyar. Ba kullum ba. Shekara shekara in hau ta, in sha iska, in sauka."

Malam ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, sai Tabawa ta taso daga bakin ƙofa. Ta gyara zanenta, ta zo ta durƙusa daf da fuskar ɗiyarta.

"Malam, a gafarce ni, zan sa baki." Ba ta jira izini ba. "Kai makiyayi, ina kake ranar da 'yan babur sunka karya mata ƙafa?"

Yarinyar ta kawar da kai gefe.

"Da kai nike. Ina kake? Ka ji ƙarar babur ka shige rami. Su ba ka bi su gida da duwatsu ba, sai mu da munka ɗaure karaya. Rani guda maigidana yana raba harawar awakina biyu don dabbarka. Makiyayin da ya bar dabba ga angulu, yau shi ne mai bakin neman bunsuru."

"Mace, ki iya bakinki. Ɗiyarki na hannuna."

"Taka ma na hannuna, kuma wuƙata na da kaifi. Amma ni ba azzaluma ba ce irinka. Za a maida maka uwar. Ɗan kuwa namu ne."

Jikin yarinyar ya girgiza har Na'Allah ya ƙara riƙo. "Da cikinta ta bar garkena," in ji muryar.

"Cikin da angulu za su ci tare da ita. Tafi kasuwar Abala ka tambayi kowane Bafillace. Wanda ya riƙe dabbar wani ya yi kiwonta har ta haihu, uwa ta koma, ɗa ya zauna. Habbanaye ke nan, kowa ya san shi. Ko ku masu dawa ba ku da ta ido?"

Can nesa ladan ya fara kiran salla, babu wanda ya motsa. Da muryar ta dawo, ta yi ƙasa.

"Haka ake yi. Mu munka koya musu."

"To ka san sauran. Ba a raba uwa da ɗa yana shan nono. Tana nan sai ta yaye shi."

"In haka ne ni ma ina nan jikin wagga sai ranar."

"Ba ka kwana cikinta yau," in ji Tabawa. "Kiwo ka ba mu, ba jingina ba. Wa ya taɓa ba da habbanaye ya kama ɗiyar mai kiwo?"

Malam Abdu ya sa hannu a kan yarinyar ya ɗauki karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Muryar ta yi gurnani, ta yi magiya, daga ƙarshe ta ce a bar ta ta faɗi abu ɗaya. Tana so a bar mata jardan daga faɗuwar rana zuwa asuba, ta riƙa zuwa tana ganin dabbarta babu idon mutane. Malam ya dubi Na'Allah. Na'Allah ya ce zai riƙa fitar da kowa ya rufe ƙofa kafin magariba.

"Jardan kaɗai," in ji Tabawa. "Gidana ko inuwar katangarsa ban yarda ka taka ba."

Malam ya sa makiyayin ya rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan. Ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin ubanta kamar an zare mata ƙashi. Ba ta motsi. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata, ba ta buɗe ido ba.

Tabawa ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba tun da ta haife ta, saboda kunyar ɗan fari. Ranar ta kama fuskarta da hannu biyu, a gaban miji da baƙo, ta ce, "Mas'uda. Tashi, tuwo na hucewa."

Yarinyar ta buɗe ido. "Inna, ƙafafuna ciwo suke," ta ce.

Tun daga lokacin ake rufe jardan kafin magariba. Samari sun yi ta gunaguni, Na'Allah bai saurare su ba. Mas'uda ta murmure, ta koma lakwal, makarantar boko, takan biya da rana ta kai wa ɗan barewar ganye.

Da damina ta sauka ɗan ya fara cin ciyawa sosai, uwar ta fara tunkuɗe shi daga nono. Na'Allah ya gaya wa magajin gari cewa zai saki uwar. Magajin gari ya ce ba zai yiwu ba, barewa ta zama dukiyar gari, kuma akwai manyan baƙi da za su zo ganinta. Na'Allah ya dawo gida ya zauna ya rasa abin yi, domin aikinsa yana hannun mutumin.

Da safe Tabawa ta yafa mayafi, ta ɗauki igiyar akuya, ta aika a gaya wa Baushe ya same ta a hanyar dawa ya nuna mata sabarar. Ta shiga jardan ta sa wa barewar igiya a wuya. A bakin ƙofa ta yi kiciɓis da magajin gari, ya fito daga mota yana tambayar wa ya ba ta izini.

"Ranka ya daɗe, alkawari na ɗauka da bakina," in ji Tabawa. "Wanda na yi da shi ya riga ka zama ƙasar ga, kuma ban ji tsoronshi ba. Ga ɗan can na bar muku, baƙinka su kalla. In kana son uwar, zo da magariba ka shiga ka gaya mishi da kanka, ni zan rufe muku ƙofa."

Magajin gari ya dubi itatuwan gawo, ya dubi matar. Ya matsa gefe. Tabawa ta ja igiya, barewa ta bi ta tana ɗan ɗingishi, suka nufi dawa.