Katin Malam Bubayaro

Ranar Litinin da hantsi aka kawo wata mata daga Gadaka, kububuwa ta sare ta a gonar gyaɗa. Hanatu mai ba da magani ta ruga ta buɗe firij, ta tarar wayam. Kwalba goma sha biyu na maganin sarar maciji, ko ɗaya babu. Kafin azahar matar ta cika.

Asibitin ƙarami ne, na wata ƙungiyar agaji, a gefen garin Potiskum. A farkon shekarar nan ta 1998 aka kawo musu kwamfuta da wata 'yar na'ura mai kama da akwatin ashana. Duk mai ɗaukar magani sai ya zura katinsa a ciki, kwamfuta ta rubuta sunansa da lokaci. Manaja Nuraddeen ya bugo takarda ya miƙa wa 'yan sanda: Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, katin Malam Bubayaro mai kula da sito.

Shekara ashirin da biyu Bubayaro yana aikin nan, ko allura bai taɓa ɓatarwa ba. Haka nan aka tasa ƙeyarsa ta tsakiyar unguwar Bolewa, mata na leƙe ta katanga. Wai kwamfuta ba ta ƙarya. Kwana biyu ya yi a tsare, hawan jininsa ya tashi, aka ba da belinsa.

Ranar Laraba fayil ɗin ya faɗo hannun Sufeto Kaumi Zarami, mutumin da bai yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Ya sami tsohon kwance a soro.

"Baba, ina katinka yake ranar Asabar?"

Bubayaro ya zaro shi daga wata 'yar jakar fata da ke wuyansa. "Ko wanka da shi nake shiga, yaro. Ba ɗaurin ne ya dame ni ba. Ɗazu na je masallaci, wanda ke kusa da ni a sahu ya matsa."

Maganar ta tsaya wa Kaumi a rai, tausayi ya kama shi. Washegari da sassafe ya dira asibitin, ya ce wa Hanatu, "Nuna mini yadda ake yi."

Ta zura katinta. 'Yar fitila koriya na ci a jikin na'urar, amma allon kwamfuta ko gezau.

"Ai Yallaɓai tun Juma'a ba ta karanta kati. A takarda muke rubutawa."

"Tun Juma'a? Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Da na buɗe baki kofur ya ce in yi shiru, magana ta ƙare."

"Kina da makullin firij?"

"Ina da shi, ni da Baba Bubayaro da Manaja. Amma lambar sirrin kwamfuta ban san ta ba."

Aka kira Muhammadu Sani, mai gyaran kwamfuta da ke da shago a cikin gari. Ya shigo yana sharce gumi.

"Ranar Alhamis waccan da dare kwamfutar ta lalace, Yallaɓai. Juma'a na goge komai na sake zubawa. To ita na'urar katin, kwamfuta ba ta gane ta sai an sa mata wata manhaja, diraiba muke ce mata. Tana kan faifai guda ɗaya tak, shi kuma danshin damina ya cinye shi. Na aika Legas, har yau shiru."

"Fitilar fa?"

"Wuta ce kawai ta shiga. Ko gawa ka sa wa tabarau ai ba gani za ta yi ba."

"To ta yaya sunan Bubayaro ya hau ranar Asabar?"

Muhammadu Sani ya ce, "Sai dai da hannu, da lambar sirri. Ni da Manaja muka san ta."

"Ka gaya wa Manaja na'urar ta tsaya?"

"Yana taro a Damaturu. Da ya dawo kuma na ji tsoron faɗansa, na roƙi su Hanatu su rufa mini asiri."

Kaumi ya shiga ofishin Nuraddeen, ya karɓi ruwan sanyi, suka gaisa a tsanake.

"Manaja, ka leƙo aiki ranar Asabar?"

"Ina! Gajiyar hanya ta kwantar da ni."

"Lauya zai ce ƙila na'urar ta sami matsala ran nan."

"Lafiyarta ƙalau. Da idona na ga fitilarta tana ci."

"Daga kan gadonka?"

Nuraddeen ya shiga jujjuya takardun da ke kan teburinsa.

"Bari in taya ka," in ji Kaumi. "Hanatu na da makulli, ba ta da lamba. Muhammadu Sani na da lamba, ba shi da makulli, kuma wanda ya san na'ura ta tsaya ba zai rubuta cewa ta karanta kati ba. Mutum ɗaya ne ke da makulli, yake da lamba, bai kuma san an daina karanta kati ba. Ka ga fitila ka ɗauka shaida ce."

Nuraddeen bai yi gardama mai tsawo ba. Ya amsa cewa ya sayar wa wani mai kyamis a bakin kasuwar shanu da maganin. Aka sami kwalba tara a can cikin kwali, zafi ya riga ya lalata su. Kaico, rai guda a kan wannan!

Bayan la'asar Kaumi ya hau babur ya nufi Bolewa da takardar wanke Bubayaro a aljihu, har yana shirya yadda zai fara. Tun daga bakin lungu ya hango tabarmi. Tsohon ya rasu, an kai shi tun bayan azahar. Masu zaman makokin ba su kai goma ba.

Ya nemi iso wurin matarsa, Gogo. Daga bayan labule ta saurare shi har ya gama, ba ta yi kuka ba.

"Da asuba ma sai da ya tambaya ko ka zo," ta ce.

Kaumi ya kasa ɗaga kai. "Ki yafe mana, Gogo. Na makara."

"Shi dai bai ji ba. Amma maƙwabta na nan da kunnuwansu. Ka fita ƙofar gida ka karanta, ɗana. Ka ɗaga murya."

Ya fita, ya tsaya a tsakiyar lungu ya warware takardar. Ya ɗaga murya ya karanta ta har ƙarshe.