Zaren Rawaya a Hannun Anjalai

Ranar da gonar raken gidansu ta ƙone, Anjalai tana rafi tana wanke zannuwan kakarta. Ta dawo da kwando a ka, ta tarar hayaƙi ya rufe hanyar garin Labasa, matar baffanta Govindamma kuma tana tsaye a tsakar gida. Kafin ta sauke kwandon mari ya sauka.

"Ke ce! Kin cinye uwa da uba da wuta, yanzu kin juyo kanmu."

Anjalai marainiya ce. Gobara ta ɗauke iyayenta tana ƙarama, tun daga nan ko ashana ba ta iya ƙyastawa. Kullum kakarta Muniamma, wadda idanunta suka mutu, ita ke lalubawa ta hura murhu, yarinyar ta riƙa juya gurasa daga nesa da doguwar muciya. Kowa a gidan ya san haka. Baffa Permal ma ya sani, amma ya dubi baƙar gonarsa, ya sunkuyar da kai.

Aka ware mata kwano. Matan unguwa suka riƙa janye 'ya'yansu idan ta wuce. Daga bisani aka yanke cewa da an gama bikin Uwa Kali, allahiyar da suke bauta wa, za a sa ta a jirgin ruwa zuwa birnin Suva ta yi aikatau. Ba wanda ya tambayi wa zai riƙe hannun tsohuwa zuwa rafi.

Da yamma Muniamma tana shafa mata man kwakwa a gashi, yarinyar ta kifa kai a cinyarta tana sheshsheka.

"Ya isa, 'yar nan, kin jiƙa mini zane, kuma ke za ki wanke."

"Kaka, za su raba mu... wa zai cire miki ƙaya a kifi?"

"Ki kira Uwa. Faɗi yadda nake faɗa: Om Kali, Maha Kali, ki tsaya gabana, ki tsaya bayana."

"Tsoronta nake ji. Harshe a waje, takobi a hannu."

"Haka uwa take idan an taɓa ɗanta. Kin taɓa ganin kaza tana yi wa shaho murmushi?"

Anjalai ta yi dariya cikin hawaye, ta maimaita. Safe da yamma ta riƙa maimaitawa, kakar na gyara mata.

Ranar da aka buɗe biki, pujari, dattijon da ke kula da ɗakin bauta, ya zauna yana ɗaura zaren rawaya a hannun masu alkawarin taka wuta. Wanda aka ɗaura wa ba ya fasawa. Velu, ɗan Govindamma, ya miƙa nasa hannun, domin uwarsa ta yi masa alkawari tun bara da zazzaɓi ya kusa kashe shi. Govindamma ta hangi Anjalai a bayan mata, ta ɗaga murya.

"Mai gaskiya ai ba ta ɓuya. In ba ita ta ƙona mu ba, ta taka mana mu gani."

Anjalai ta taso, ta miƙa hannu.

"Yarinya, kin san abin da kike yi?" in ji pujari.

"Ban sani ba, Baba. Amma ba zan bar Kaka ba."

Govindamma ta daɗe da sanin cewa guntun sigarin ɗanta ne ya ci gonar. Ta kai wa Uwa baƙin zakara da kwakwa cike da kwando, ta kwantar da hankalinta cewa an daidaita.

Masu alkawari suka yi kwanakin kame baki daga nama, suna wanka a kogi, suna shafa gangamau. Ranar ƙarshe da la'asar ganguna suka ɗauka, rami ya cika da garwashi, zafinsa na korar mutane baya. Da layi ya zo kan Anjalai sai ta ƙame. Ta ga rufin gidansu na dā yana ci, ta ji muryar uwarta...

Daga can ƙarshen ramin wata tsohuwar murya ta keto kiɗan.

"Om Kali, Maha Kali. Biyo muryata, matsoraciya, ƙafafuna sun gaji da tsayuwa."

Anjalai ta karɓa. Ta sa ƙafa, ta sake sawa, bakinta bai daina ba har ta faɗa jikin kakarta. Muniamma ta durƙusa ta laluba tafin ƙafafun, ta same su lafiya, ta rungume su tana kuka.

Sai Velu. Ya zo bakin rami, ya dubi garwashi, ya dubi zaren hannunsa, ya ja da baya.

"Inna, kin ce zakara ya isa! Ba zan iya ba. Ni na jefar da sigarin, ke kika ce a ɗora wa Anjalai."

Ganguna suka tsaya. Matan da suka janye 'ya'yansu yanzu zannuwansu suka janye daga Govindamma. Permal ya durƙusa gaban 'yar ɗan'uwansa. Jirgin da aka shirya wa Anjalai shi ya mai da Govindamma gidan yayyenta. Velu kuma ya share gonar shi kaɗai, ya dasa sabon rake a ƙarƙashin rana.

Wata safiya Muniamma ta lalubo hanyar murhu tana neman ashana. Zafi ya taɓa hannunta, ta ji ƙanshin gurasa.

"Wa ya hura?"

"Ni, Kaka."

"Ato. An kore ni daga aiki ke nan." Ta zauna, ta goge ido da bakin zane. "Juya ta, uwar jarumai, tana ƙonewa."