Kyamarar Da Hannun Norio Zai Iya Ɗauka

Jakar ta faɗo kan kantar shagon da ƙara. Ba ajiye ta aka yi ba, suɓucewa ta yi.

Chizuru ta ɗago daga gilashin kyamarar da take gogewa za ta ce sannu da zuwa, sai ta ga wanda ya shigo.

Norio ne.

Norion da ya taɓa durƙusawa a gaban mahaifinta yana neman aurenta. Ya rame, rigar sanyinsa tana lilo a jikinsa kamar an rataye ta a ƙusa.

"Chizu..."

"Malam Tateishi," ta ce, ta rusuna irin rusunawar da ake yi wa kowane mai saye. "Me za a kawo?"

Ƙarya take, ba mai saye take gani a gabanta ba.

Abin da ya raba su ba wani abu ba ne, suna ne. Ita kaɗai iyayenta suka haifa, shi ma shi kaɗai. Shagon kyamarori na Kuramochi tun zamanin kakanta yake a wannan lungu na Matsumoto, Baba kuwa ya rantse duk mai son 'yarsa sai ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki Kuramochi, ya gaji shago. Mahaifiyar Norio ta ce sai dai bayan ranta. Wa zai riƙe sunan Tateishi, wa zai riƙa wanke kabarin kakanni? Tsofaffi suka yi ta ja, yara suka yi ta kuka. Ana cikin haka Mihoko, 'yar aminiyar mahaifiyarsa, ta shigo shagon da murmushinta na makirci, wai hoton biki take son a ba ta shawara a kai, an sa musu rana ita da Norio. Daga ranar Chizuru ba ta sake ɗaga wayarsa ba.

"Musaya na zo yi," ya ce, ya nuna jakar da haɓa. "Ki karɓi babbar kyamarata da duk gilasanta. Ƙarama nake so, wadda za ta shiga aljihu."

Dariya mai ɗaci ta kubce mata.

"Kai? Kai da kake cewa ƙananan kyamarori na masu ɗaukar hoton kwanon taliya ne?"

"Mutum yana canzawa."

"Na gani ai. Amarya ce za ta riƙe?"

"Wace amarya?"

"Mihoko mana."

Ya girgiza kai.

"Ba a taɓa sa mana rana ba, Chizu. Mama ce ke so, ni ban taɓa amsawa ba. Abin da ta faɗa miki ke nan?"

Chizuru ta juya wa kanta baya don kada ya ga fuskarta. Ta buɗe akwatin gilashi ta jero masa ƙananan kyamarori guda uku a kan ƙyalle, muryarta ta koma ta 'yar shago, don ita kaɗai ce ba ta rawa.

"Wannan tana zuƙo nesa, daga bakin kogi za ka kamo ƙololuwar dutse. Sai dai ta fi sauran nauyi."

Bai ko taɓa ta ba.

"Wannan ba ta zuƙowa, amma idonta faɗi gare shi, tana haɗiye kwari gaba ɗaya, kuma tana kama hasken asuba. Irin taka ce."

Idonsa ya yi haske. Ya kai hannu biyu ya ɗauka, ya nufi taga da ita. Yatsansa ya hau ɗan madannin, ya zame. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Kyamarar ta soma karkarwa a hannunsa, ya yi maza ya mayar da ita kan ƙyallen.

Wannan hannun ne fa yake ɗaukar kaya niƙi-niƙi ya hau dutse da su ɗaukar hoto, ya dawo yana mata tsiya wai ta cika ragwanci.

"Norio... me ya samu hannunka?"

"Sanyi ne."

"Kada ka yi min ƙarya a shagon ubana."

Ya sunkuyar da kai.

"Cuta ce mai cinye ƙarfin jiki. Daga hannu ta fara. Likita ya ce in ta kai ƙirji, shi ke nan." Ya ɗan yi murmushi. "Mihoko na jin haka ta tuna tana da aiki a Osaka. Ni dai ina son in ƙara ganin duwatsuna kafin ƙanƙara ta rufe hanya."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta ɗauki ta ukun, mara kyan gani, wadda ba kowa ke kallonta ba, ta sa masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Wannan ce taka. Ba nauyi, ga wurin riƙewa, madanninta babba ne. Ko hannu na rawa, hoton ba ya rawa. Batirinta ne ba ya son sanyi, sai an riƙa ɗumama wani a aljihun ciki." Ta haɗiye kuka. "Ni zan riƙa ɗumama shi."

"Ba inda za ki."

Baba ne, tsaye a ƙofar ɗakin gyara da tabarau a goshi. Ashe duk ya ji.

"Na tausaya masa, amma ba abin da ya canza. In kika bi shi, wa na bar wa sunan nan?"

"Baba, sunan yana can rubuce a allon ƙofa, ko shekara nawa zan dawo in same shi." Ta durƙusa har goshinta ya taɓa ƙasa. "Shi kuwa ba zan dawo in same shi ba."

Tsohon bai ce ta tafi ba, irin su ba sa faɗa. Ya dai jawo kyamarar, ya ɗaura mata igiyar fata mai shiga wuyan hannu, ya ja ƙullin da haƙori, ya koma ciki ya rufe ƙofa.

Kakar nan suka yi ta yawo. Jirgin ƙasa, motar haya, ƙananan masaukai masu ruwan zafi. Ganyaye sun yi jajur a gindin duwatsu. Ita ke ɗaukar jaka, ita ke ɓare masa dunƙulen shinkafa, shi kuma yana ɗaukar hoto yana mita wai kyamarar ta fi shi taurin kai. Mahaifiyarsa takan kira, da ta ji muryar Chizuru sai ta kashe.

"Mu yi aure," ta ce masa ba sau ɗaya ba. "Na yarda, zan ɗauki sunanku."

"Ki jefar da sunan Baba don 'yan watanni? A'a, masoyiyata. Na cuce ki da yawa."

Wata safiya a bakin wani tafki, duwatsu sun kwanta a cikin ruwan, ya zare igiyar daga hannunsa ya miƙa mata.

"Ɗauke ni. Daga kafaɗa zuwa sama."

Ta san irin wannan hoton. 'Yar mai shagon hoto ce, ta sha sa irinsa a baƙin firam, wanda ake ajiyewa gaban mamaci ranar jana'iza.

"Ba zan ɗauka ba."

"Chizu, rayuwata duk a bayan kyamara na yi ta. In ba ke ba, hoton makaranta Mama za ta ɗora, da kunnuwana kamar murfin tukunya."

Ta yi dariya cikin kuka, shi ma ya tuntsire, a nan yatsanta ya danna.

Bai ga furannin bazara ba.

Ranar jana'iza Chizuru ta zauna can baya cikin sauran baƙi, don ba matarsa ba ce, ba kowansa ba ce. Hotonsa na gaba cikin fararen furanni yana dariya. Da aka gama, dangi suka hau motar da za ta bi gawa gidan ƙonawa, sauran mutane suka tsaya suna rusunawa. Ita ma ta rusuna. Sai ta ga ƙafafu cikin fararen safa sun tsaya a gabanta.

"Ke kika ɗauki hoton?" in ji mahaifiyar Norio.

"Ni ce, Mama."

"Tun yana yaro rabon da in ga wannan dariyar." Tsohuwar ta juya. "Shiga mota."

Suka zauna gefe da gefe a ɗakin jira har aka gama ƙonawa. Da aka fito da ƙasusuwan, wani ma'aikaci ya miƙa dogayen tsinkaye. Mutum biyu ke ɗaga ƙashi tare su sa a tulu, kuma na farko sai mafi kusa da mamaci. Kawun Norio ya matso zai tsaya kusa da ƙanwarsa, ta girgiza masa kai.

Ta waiwayo, ta miƙa wa Chizuru tsinken.

"Na riƙe suna, na rasa ɗa," ta ce a hankali. "Zo, surukata. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba."