Gwajin Da Ya Mutu Ranar Gayya

A shagon cajin waya na bakin kasuwar Tofa Zulaihatu ta fara ganinsa, ya zuba tagumi gaban kwamfuta, rubutu na ta gudu a baƙin allo.

"Malam, gawa kake gadi?"

Nabil ya ɗago jajayen idanu. "Manhaja nake gwadawa. Tun hantsi take abu ɗaya."

A zaman jiran nan soyayya ta ƙullu. Sai dai mahaifinta, Malam Mati, bai gamsu ba.

"Mai wuni yana kallon akwati? In da gaske yake, ya zo gayyar noma ran Asabar. Khamisu mahauci mai neman aurenki ma zai zo da samarinsa."

Asabar ɗin kuwa kamfanin da Nabil ke yi wa aiki daga gida ke jiran sakamako. Da sassafe ya tayar da gwajin, ya tura shi baya ya riƙa tafiya da kansa, ya miƙa mata kwamfutar. "Zully, bar ta a caji."

Azahar ta same shi cikin gero, tafin hannu duk bororo. Saƙonta ya shigo:

"Nurina, na ga rubutun ya tsaya, na rufe maka ita kar kaji su hau."

Rufewar ta kashe gwajin.

"Kin kashe min aiki," ya tura.

"To. Na gode."

Daga inuwar ɗorawa Khamisu ya ɗaga murya: "Ɗan boko, je ka huta mana!"

Nabil ya dubi hanyar gari, ya dubi kunyar da ta rage. Ya share gumi, ya rubuta:

"Yafe min, Zullyna. Ni ne ban gaya miki aikin baya ba ya nuna kansa ba. Buɗe ta, ki kwafi abin da zan turo, harafi-harafi."

Ya koma kan fartanya. Sakamakon ya makara, kamfanin ya yi ta faɗa.

Da yamma Malam Mati ya kama hannun Nabil ya juya tafin. "Na ga ka duba waya fuskarka ta ɓaci, amma ba ka bar min kunya a rabi ba. Turo manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure, dattawa suka yi ta sa albarka. Washegari amarya ta tarar da ango na gyangyaɗi gaban allon.

"Ya gama?"

"Ya gama."

"Ka tabbata?"

Ya yi murmushi. Ta sa yatsa ɗaya ta rufe kwamfutar a hankali.