Jinin Lemuel a Hannun Mama

"Yau ma ba za mu faɗa mata ba?" Rochelle ta tambaya ƙasa-ƙasa. Suna bayan gidan mahaifiyarta a garin Yazoo na Amurka, an taso daga coci, ana shirin suyar kifi.

Lemuel ya yi murmushi yana gyaran tarwaɗa. "Bari a ci abinci tukuna, abar ƙaunata. Kin san Mama da yunwa!"

Shekara shida yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Tun haɗuwarsu ta biyu ya gaya wa Rochelle, ta yi kukanta, ta share hawaye, ta ce ta ji ta gani. Kullum yana shan maganinsa, har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa. Saura wata biyu bikinsu, amma mahaifiyar Rochelle, Mama Verlene, ba ta sani ba.

Bai rufe baki ba wuƙar ta zame, ta tsarge masa tafin hannu.

"Wayyo ɗana!" Mama ta yar da cokali, ta damƙe hannun da nata, jini na bin yatsunta.

"Mama sake ni! Je ki wanke hannunki da sabulu!"

"Kai tafi can! 'Ya'ya biyar na haifa, jini zai ba ni tsoro?"

Sai idonsa ya sauka kan babban yatsanta, inda ƙayar kifi ta ɗan karce ta da safe. Ya dubi Rochelle. Ta girgiza masa kai, idanunta na roƙonsa ya yi shiru.

"Mama..." in ji shi, "ina da cutar ƙanjamau."

A hankali Mama ta saki hannun.

A asibiti aka ɗinke shi. Likita ta duba yatsan Mama, ta ce ta kwantar da hankalinta, ƙwayar ba ta ratsa lafiyayyar fata. Wannan ɗan karcen kuwa har ya kama bushewa, ga shi mai jinin yana kan magani, haɗarin kusan babu. Ta ce ta dawo gwaji bayan mako shida don ranta ya natsu.

Mama ta ji, amma maganar ba ta shiga ba. Ta daina cin abinci, hawan jininta ya tashi. Ranar da Lemuel ya zo gaishe ta, a kofin takarda na yarwa aka ba shi ruwa.

Rochelle ta raka shi mota.

"Lemuel... mu ɗan ɗaga bikin."

"Ɗagawa ko fasawa?"

"Haba masoyi! Uwata ce fa, kana ganin yadda ta koma!"

"Na gani. Ke fa? Kin ji abin da likita ta ce?"

"Na ji..."

"To me ya sa tun ranar ba ki ƙara riƙe hannuna ba?"

Ita kanta ba ta lura ba sai da ya faɗa. Ya jinjina kai, ya tayar da mota. Kafin sati ya zagayo, ya koma birnin Memphis wurin yayarsa.

Sakamakon Mama ya fito, lafiya lau. A cikin mota ta zauna da takardar a cinya, ta fashe da kuka.

"Da yaron nan ya ja bakinsa, har abada ba zan sani ba. Saboda ni ya tona kansa, ni kuma na wulaƙanta shi. Kira min shi, Rochelle!"

Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Lafiyarta ƙalau, Lemuel! Tana neman gafararka... ni ma haka. Ka dawo, don Allah!"



"Na gode wa Allah. Ki ce mata na yafe, tun tuni. Tsoron Mama ban riƙe shi ba, ba ta sani ba ne. Amma ke kin sani, Rochelle. Ke kaɗai ce ban taɓa jin kunyar kaina a gabanki ba... yanzu ina ji."

"Lemuel!"

"Ki kula da ita, kin ji?"

Layin ya katse. Mama na ta tambaya, "Me ya ce? Yaushe zai zo?"

Rochelle ta kifa kanta a sitiyari.